Murtala Ramat Muhammed: Jami'in sadarwar da ya zama shugaban ƙasa

A yau dillalin hatsi yakan tsaya a Kwanar Ɗangora da ke Ƙaramar Hukumar Kiru ya danna lambar abokin cinikinsa na Kasuwar Dawanau, kafin ya gyara tsayuwa kira ya shiga. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci an yi aiki mai yawa. Turken sadarwa ya miƙa kiran ga cibiyar kamfani, cibiyar ta duba ko layin yana da rajista, ko akwai kuɗi a cikinsa, ko an toshe shi, sannan ta zaɓi hanyar da zai bi ya isa ga wanda ake nema, ko da layinsa na wani kamfanin ne. Manomin masara a Doguwa da masunci a Tiga ba sa tunawa da wannan aiki sai ranar da sabis ya ɗauke.

Tantance saƙo da zaɓar masa hanya shi ne ainihin sana'ar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Jama'a sun fi saninsa da yaƙi da kuma mulkin wata shida da 'yan kwanaki, amma mafi yawan shekarunsa a soja ya yi su ne a sashen sadarwa, kuma kujerar ƙarshe da ya riƙe kafin shugabancin ƙasa ita ce ta Kwamishinan Sadarwa na Tarayya.

Daga Kurawa zuwa Catterick

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938, ya tashi a unguwar Kurawa. Ya yi karatun farko a makarantun Cikin Gida da Gidan Makama, ya wuce Midil ta Kano wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, sannan ya tafi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya kammala a 1957. A 1958 ya shiga soja, aka horar da shi a Makarantar Sandhurst ta Ingila, ya fito da muƙamin laftana a 1961. Daga nan aka tura shi makarantar sadarwar soja da ke Catterick.

A can ne ya koyi abin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Sojan sadarwa shi ke shimfiɗa waya tsakanin kwamanda da dakarunsa, shi ke kula da na'urar oba-oba da teburin haɗa kira, shi ke sanin saƙon da za a fara turawa da wanda zai jira. A fagen fama, saƙon da ya makara da wanda bai zo ba duk ɗaya ne, don haka jinkiri shi ne babban abokin gabar mai wannan aiki.

Bayan ya yi aiki da rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ya zama dogarin Dakta Moses Majekodunmi, Kantoman Jihar Yamma a lokacin dokar ta-ɓaci ta 1962. A 1963 ya jagoranci sashen sadarwa na Birged ta Ɗaya a Kaduna, daga baya ya riƙe rukunin sadarwa na Apapa a Legas. A 1966, yana Laftanar Kanar, ya zama Sufeton Sadarwa na rundunar sojan ƙasa baki ɗaya.

Daren da waya ta yi aiki

Domin a gane nauyin wannan muƙami, sai an tuna yadda waya take a wancan zamani. Lokacin samun 'yancin kai a 1960, layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai 20,000 ba, kuma mafi yawansu suna ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni. Mai son kiran wani gari yakan nemi ma'aikacin gidan waya ya rubuta buƙatarsa, ya zauna jira har layi ya samu, ma'aikacin ya haɗa su da hannu. Ɗan kasuwar karkara kuwa sai dai ya ba direban mota saƙo ko ya buga talgiram. A irin wannan hali, wanda ke riƙe da hanyoyin sadarwar barikoki yana riƙe da abin da ya fi bindiga.

An ga haka a ƙarshen Yulin 1966. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu da ya ci rayukan Sardaunan Sakkwato da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa, Murtala ya zama jagoran hafsoshin da suka shirya ramuwa. Kiran waya daga Legas ne ya sa kwamandan barikin Abeokuta ya tara hafsoshinsa cikin dare, nan kuwa harbi ya fara. A Ibadan, lokacin da Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya kira Gidan Gwamnati inda Janar Aguiyi-Ironsi ya sauka, Manjo Theophilus Danjuma, wanda ya riga ya kewaye gidan da sojoji, shi ne ya ɗauki wayar. An kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, tare da hafsoshi da sojoji da yawa 'yan Gabas. Murtala ya fara karkata ga ɓallewar Arewa, amma bayan tattaunawar kwanaki a barikin Ikeja aka tsaya a kan Gowon ya karɓi mulki.

Yaƙin basasa ya fitar da shi daga ɗakin sadarwa a 1967. Ya haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, ya ƙwato Jihar Tsakiyar Yamma daga hannun Biyafara. Sai dai a watan Oktoba na shekarar dakarun rundunarsa sun kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba, tabon da har yau bai goge daga tarihinsa ba. Yunƙurinsa na tsallaka Kogin Neja kai tsaye zuwa Onica ya ci rayukan sojoji masu yawa, haka ma kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968. A shekarar ce ya bar fagen daga ya koma kujerarsa ta Sufeton Sadarwa, ya zama Birgediya a 1971.

A Ma'aikatar Sadarwa

A watan Agustan 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa. Kuɗin man fetur ya shigo, kasuwanci ya bunƙasa, amma waya tana nan jiya-i-yau. Wayar cikin gida tana hannun hukumar gidan waya da aka fi sani da P&T, ta ƙasashen waje kuma tana hannun kamfanin NET, wanda ke da tashar tauraron ɗan'adam a Lanlate. Masu neman layi sukan shekara suna jira, wanda ya samu kuma yakan wuni yana juya lamba ba ta shiga ba.

Maganin da aka sa a gaba shi ne ƙara cibiyoyi masu haɗa kira da kansu, inda na'ura ke karanta lambar da aka juya ta kai kiran inda ya dace ba tare da hannun ma'aikaci ba. Wannan tsari ne ya sa mutanen wancan ƙarni suka haddace 064 ta Kano da 062 ta Kaduna da 01 ta Legas. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, wanda aka ƙaddamar yana kan kujerar, ya ware maƙudan kuɗi domin wannan aiki. A shekarun ne kamfanin ITT na Amurka, wanda abokinsa Moshood Abiola ke jagorantar reshensa na Najeriya, ya samu manyan kwangiloli da aka daɗe ana ce-ce-ku-ce a kansu. Murtala bai cika shekara a ma'aikatar ba, kuma matsalar waya ta daɗe bayansa.

Mulkin gajeriyar hanya

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, Kanar Joseph Garba ya sanar da kifar da gwamnatinsa, aka ɗora Murtala. Ya yi mulki da halin sojan sadarwa: umarni ya fita, ya isa nan take. Ya soke ƙidayar 1973 mai cike da rigima, ya sa ranar 1 ga Oktoba, 1979 domin miƙa mulki ga farar hula, ya tunkari cunkoson jiragen siminti a tashar Legas. A Fabrairun 1976 ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya amince da mayar da babban birnin ƙasa Abuja. A waje kuma ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola duk da matsin lambar Amurka.

Amma cibiyar waya takan tantance kafin ta tura, a nan ne kuma aka fi kukan mulkinsa. An sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 bisa zargin rashawa ko sakaci ko tsufa, da yawa ba a saurari bahasinsu ba, wasu ma a rediyo suka ji labarin korarsu. Ɓarayi sun tafi, masu gaskiya ma sun tafi tare da su. Masana aikin gwamnati da dama na ganin tun daga lokacin ne ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin dogaro, ya fara tanadin gobe ta kowace hanya.

Safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar ofis a Ikoyi ba tare da jerin gwanon motoci ba, sojojin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a cikin cunkoso. Ya rasu tare da dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa da direbansa, yana da shekara 37. Abin lura, sadarwa ce ta kayar da masu juyin. Dimka ya kama gidan rediyo, amma bai mallaki hanyoyin da barikoki ke magana da juna ba. Ya je ofishin jakadancin Birtaniya yana neman a sada shi da Gowon da ke karatu a Ingila, aka ƙi. Kafin yamma sojoji masu biyayya sun ƙwace gidan rediyon. An kai gawar Murtala Kano aka yi mata sutura.

Abin da ya bari

A 1985 aka haɗa sashen tarho na P&T da NET aka kafa NITEL, amma har zuwa 2001 layukan girke ba su wuce kimanin 400,000 ba. Sai da wayar salula ta zo a Agustan shekarar ne mutumin Bebeji da na Tudun Wada suka samu abin da aka yi wa iyayensu alƙawari tun zamanin arzikin mai.

Ikon buɗe layi da rufe shi kuwa yana nan a hannun hukuma. A Satumban 2021 an katse sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna domin yaƙi da 'yan bindiga, 'yan kasuwa da marasa lafiya suka ɗanɗana tare da masu laifi. A Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba yin kira. Duk mai riƙe da wannan iko yana da abin koyi a rayuwar mutumin da hotonsa ke kan takardar Naira 20: saurinsa ya sa talakawa suka ƙaunace shi, rashin tsayawa ya tantance kuma ya jawo asarar da ba a iya mayarwa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.