Morel, Akawun Da Ya Ƙi Karɓar Toshiyar Baki

Yau labarin wani akawu za mu ba masu karatu, wato Edmund Morel, wanda aka haifa a Faris a 1873, ubansa Bafaranshe, uwarsa mutuniyar Ingila. A 1891 ya kama aiki a Liverpool, a kamfanin Elder Dempster, wanda jiragensa na ruwa suka daɗe suna zuwa Ikko.

A zamanin nan ƙasar Kwango mallakar Sarkin Beljiyam ce, Leopold na Biyu, shi kaɗai, kuma kamfanin nan ke da kwangilar jigilar kaya tsakaninta da Antwerp, tashar jiragen Beljiyam. Da yake Morel na jin Faransanci, shi akan aika can ya duba kaya. To, nan ya lura da abin da kowa ke gani amma ba wanda ya tsaya ya lissafa. Jirage na isowa maƙil da danƙo da hauren giwa, in za su koma kuwa sai hafsoshi da bindigogi da harsashi, hajar ciniki ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shiga da fita ya san ma'anar wannan: ba a biyan masu tara danƙon, da bakin bindiga ake karɓa. Haka kuwa abin yake, don har akan tsare matan ƙauye sai mazansu sun cika awo, akan kuma yanke hannuwan mutane.

Ya kai maganar gaban shugaban kamfanin, Sir Alfred Jones, wanda kuma shi ne ƙaramin jakadan Kwango a Liverpool. Aka yi masa tayin ƙarin girma a wata ƙasa, ya ƙi. Aka yi masa na kuɗi, ya ƙi. Ba mu ce Jones ya yanke hannun kowa ba, amma jirginsa ne ya kai harsashin, kuma bayan an gaya masa bai fasa kwangilar ba.

Morel ya ajiye aiki, ga iyali. Ya buɗe jaridar West African Mail a 1903, kuma a 1904 shi da Roger Casement suka kafa ƙungiyar neman gyaran Kwango. Wani attajirin Liverpool, John Holt, ya taimaka masa da kuɗi. Ba su bar Leopold ya huta ba har 1908, sa'ad da gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannunsa. Bayan wannan Morel ya zaga Nijeriya, har Kano, ya buga littafi a kanta a 1911.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. A 1920 ya yi ta rubutun ɓatanci ga sojojin Afirka da Faransa ta girke a Jamus, da irin kalaman wariyar da ba mu zaci za su fito daga bakinsa ba. A zaɓen 1922 ya ka da Winston Churchill a Dundee, ya shiga majalisa. Ya rasu a 1924, yana da shekara 51.