Abdul Karim, Baƙon da ya Rubuta Ƙasar Muniyo

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da suna Abdul Karim.

An haife shi a Hamburg a 1821. Da ya shiga jami'ar Berlin ya yi karatu wurin Carl Ritter, babban malamin jeografi, wato ilimin sanin ƙasa. A 1850 ya taso daga Tarabulus da kuɗin gwamnatin Ingila. Ya ratsa Sahara, ya ga Agadas, Kano da Kukawa. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, saboda haka da bakinsa yake tambayar fatake da malamai.

A watan Disamba na 1852, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya sauka nan Gure, zamanin Muniyoma Koso. Duwatsunmu, rijiyoyi, gonaki, wuraren kanwa, har tafkunan Gidimuni, duka ya sa su a takarda. Daga nan ya wuce Sakkwato, ya kai Tumbutu a 1853, ya koma Turai a 1855 tare da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram. Ya buga labarin tafiyarsa cikin littafi 5, ya koyar da jeografi a Berlin, ya rasu a 1865 yana da shekara 44.

To, ga abin lura. Kwanaki kaɗan ya yi a ƙasarmu, amma har yau mai neman sanin yadda Muniyo take a wancan zamani sai ya buɗe littafinsa. Kakanninmu sun fi shi sanin kowace rijiya, shi kuwa ya rubuta, ya zana taswira. Turawan da suka ci Damagaram a 1899 sun tarar an riga an rubuta musu hanya.

Yau rairayi yana binne kwarurukanmu na dabino, damina ba ta da tabbas, makiyayi da manomi suna jayayya kan burtali. Wa zai auna tafiyar rairayi, ya nuna inda za a dasa itatuwa ko a gina rijiya, ya shata iyakar gona? Wannan aikin ɗan jeografi ne. Ana koyar da shi a lise, da jami'ar Yamai da ta Damagaram.

Muna jin wasu iyaye suna cewa karatun haddar sunayen koguna ne, gara yaro in ya gama koleji ya tafi bida. Muna roƙonku ku sake tunani. Yaro ko yarinya da ke son wannan fanni, mu bar shi ya kai bak, ya wuce gaba. Masu ci-rani kuma su tuna da asusun ƙungiya na littattafai da kuɗin mota. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.