Dokta John Snow: Likitan da Ya Bi Sawun Kwalara Har Bakin Rijiya

Ya kai mai karatu, ka san cutar amai da gudawa, wato kwalara, wadda kan ɓarke da damina. Ko ka san wanda ya nuna cewa ta ruwan sha take yaɗuwa? Sunansa John Snow.

An haife shi a garin York na ƙasar Ingila a shekarar 1813, ɗan talakawa ne. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita a Newcastle. A can ya fara ganin yadda kwalara ke kashe masu haƙar kwal. Daga baya ya koma Landan, ya zama babban likita, har shi ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya maganin rage zafin naƙuda a 1853.

A zamanin nan likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Shi kuwa tun 1849 ya rubuta cewa ta baki take shiga, in bayan gidan mai cutar ya haɗu da ruwan sha. Ba a yarda da shi ba.

To, a ƙarshen Agusta 1854 annobar ta faɗa wa unguwar Soho a Landan, cikin kwana goma ta kashe mutum fiye da 500. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa. Sai ga shi yawancinsu famfon titin Broad suke sha. Wani gidan gajiyayyu mai mutum 535 da ke da rijiyarsa, biyar kaɗai ya rasa. Ya kai maganar gaban hukumar unguwa, ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Lokacin annobar ta riga ta fara lafawa, amma bincike ya nuna ramin masai na dab da rijiyar famfon, yana tsiyaya ciki.

Snow ya rasu a 1858 yana da shekara 45, tun duniya ba ta gaskata shi ba. Sai bayansa aka tabbatar da ƙwayar cutar. Yau ana lissafa shi cikin iyayen ilmin binciken annoba.

Don haka, ɗalibai da iyaye, ku duba tazarar masai da rijiya a gidajenku. A rufe randa, a tafasa ruwan da ake shakka, a wanke hannu da sabulu. Allah Ya kare mu, amin.