Martinus Beijerinck, malamin da ya gano ma'aikatan da ke cikin ƙasar gona

Duk manomin Maraɗi ko na Damagaram ya san gonar da aka noma wake ko gujiya bara, hatsinta ya fi kyau bana. In kun tuge wake, za ku ga ƴan ƙulli-ƙulli a jikin saiwarsa. Mutumin da ya fara fitar da abin da ke zaune cikinsu shi ne Martinus Beijerinck, ana furta sunan Bayarink.

An haife shi a birnin Amstadam na ƙasar Holan ran 16 ga watan Maris 1851. Ubansa ɗan kasuwar taba ne, amma ya karye, yaron ya tashi cikin rashi. Duk da haka ya yi karatu a Delft, ya koyar a lakkol ɗin noma ta Wageningen, kana a 1885 ya kama aiki a wata masana'antar yisti.

A 1888 ya ware ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙullin nan, waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Su ne ke jawo azot daga iska su ba shuka, wato sinadarin da muke sayen takin zamani dominsa.

Amma a ganinmu babban gadon da ya bari dabara ce. Cikin ƙasa cokali guda akwai bakteriya iri-iri barkatai, yaya za a tsamo wadda ake nema? Sai ya zuba ƙasar cikin ruwa, ya sa abinci iri ɗaya tak. Wadda ke iya cinsa ta hayayyafa, sauran su tsaya. Da haka ya gano Azotobacter a 1901, wadda ke kama azot ba tare da saiwa ba. Almajirinsa Söhngen ya bi hanyar, ya sa isansi da kananzir a matsayin abinci, a 1913 ya nuna akwai bakteriyar ƙasa masu cin mai. Da wannan dabara masu bincike ke neman waɗanda za su tsabtace ƙasar da mai ya ɓata, abin da ya shafe mu tun da Nijar ta soma haƙo mai a Agadem a 2011. Daga baya kuma aka gane cewa cikin dangin Pseudomonas akwai masu cin mai, akwai masu zama jikin saiwa suna fitar da sinadarin da ke hana funfuna ruɓar da ita.

Malami ne mai tsanani, ɗalibansa sun sha faɗa, kuma bai taɓa yin aure ba. Ya koyar a Delft daga 1895 zuwa 1921, sannan ya koma ƙauyen Gorssel yana kula da lambunsa. A can ya rasu ran 1 ga watan Janairu 1931, yana da shekara 79.