Waliyyi Charles de Foucauld, Ɗan'uwan Kowa

An haifi Charles de Foucauld a Faransa a 1858. Yana ɗan shekara 6 ya zama maraya. Ya shiga soja, ya yi watsi da addini, ya ɓarnatar da dukiyar gādo. A tafiyarsa ta Maroko a 1883 ya ga yadda Musulmi suke riƙe salla, zuciyarsa ta motsu. A 1886 ya tuba, ya komo ga Yesu Kristi. Aka naɗa shi firist a 1901.

A 1905 ya zauna a Tamanrasset cikin hamadar Aljeriya, tsakanin Buzaye, a zamanin mulkin Faransa. Ya koyi harshensu, ya rubuta ƙamus nasa. A lokacin fari ya raba musu abincinsa. Da ciwo ya kwantar da shi, su ne suka nemo madarar awaki suka yi jinyarsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai tarzoma har hamada. Ran 1 ga Disamba 1916 mahara suka kama shi, suka ɗaure shi. Yaron da aka sa gadinsa ya firgita, ya harbe shi.

Ya mutu ba almajiri ko ɗaya a gefensa, amma daga baya ƙungiyoyin bayin Allah suka tsiro daga gurbinsa. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai a 2022.

'Yan'uwa a Ikara, Maƙarfi da Kudan, zaman amana da maƙwabci shi ma wa'azin Bishara ne.