S.S. Stewart: Mutumin da ya shigar da banjo falon masu kuɗi

Ka san gurmi? To, banjo danginsa ce. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro ta a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya. Amma yau in ka leƙa kasuwar tsofaffin banjo a intanet, sunan wani Bature za ka yi ta cin karo da shi: S.S. Stewart.

An haife shi a birnin Filadelfiya na Amurka a 1855. Da gogen Turawa ya fara koyon kiɗa, daga baya banjo ta sace masa zuciya. Matsalar ita ce a lokacin ba a ganin banjo da daraja. An fi saninta a hannun Turawa masu shafa baƙi a fuska su hau dandali suna yi wa baƙar fata ba'a. Stewart ya ƙudurta sai ya sauya wannan kallo.

Wajen 1878 ya fara sana'ar ƙera banjo. Ya riƙa yi mata ado da ƙarfe mai sheƙi da sassaƙa, yadda matar attajiri za ta ajiye ta a falo ba kunya. A 1882 ya fara buga mujallar banjo da gita, cike da darussa da rubutattun kiɗe-kiɗe, ga kuma tallar hajarsa a kusan kowane shafi. In da yau ne, da cewa za ka yi shi ne mai kamfanin, shi ne mai shafin, shi ne kuma mai tallar.

Abin da ya dage a kai shi ne makaɗi ya iya karanta kiɗa a takarda kamar mai fiyano, ya kuma kaɗa tsirkiyoyin nan biyar da yatsu zalla. Salon da yanzu ake kira banjo na kilasik ke nan.

Sai dai fa gyaran ya zo da asara. Garin wanke banjo, Stewart ya yi ta nesanta ta da bayin da suka haife ta. Abin mamaki kuma, gwanin da ya fi yabawa baƙar fata ne, Horace Weston, wanda ya rasu a 1890. Stewart ya buga kiɗe-kiɗensa, ya yi talla da sunansa, kuma ta waɗannan takardu ne ake iya kaɗa su har gobe.

Stewart ya rasu a 1898 yana da shekara 43. Banjojinsa na ɗauke da sunansa da lambar ƙira, shi ya sa masu tarawa ke iya ƙiyasta shekarun kowace, suna kuma farautar tsofaffin mujallunsa. Su kuwa bayin da suka fara ƙera ta, babu wanda ya rubuta sunansu, banjon ƙwarya ta zamaninsu ma 'yan ƙalilan ne suka rage a gidajen tarihi.

Kai da ke riƙe da waya, akwai mai gurmi ko garaya a garinku da ya tsufa. Je ka da izininsa ka naɗi kiɗansa, ka rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da shekarar da ka naɗa.