Dokta Aggrey, Malamin Da Ya Komo Gida

'Yan'uwa, bari mu duba zaman wani ɗan Afirka wanda yawan ilimi bai raba shi da mutanensa ba, watau James Kwegyir Aggrey.

An haife shi a shekara ta 1875 a Anomabo, a bakin teku, cikin ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Cape Coast, har ya zama malami. Cikin 1898 ya ƙetare zuwa Amurka, ya shiga Kwalejin Livingstone, ya gama a 1902. Nan ya zauna yana koyarwa, yana kuma aikin pasto a cikin baƙaƙen manoma matalauta.

Cikin 1920 aka sa shi a ƙungiyar Phelps-Stokes, wadda ta zaga ƙasashen Afirka domin duba makarantu. Ya ga yara suna haddace littattafan Turawa, amma suna rena fartanya. Abin nan ya dame shi ƙwarai. A ganinsa, ilimin kirki sai ya gyara kai, da hannu, da zuciya gaba ɗaya.

Da ya so, da ya yi zamansa a Amurka cikin daraja. Amma sa'anda Gwamna Guggisberg ya ƙudura kafa babbar makaranta a Achimota, kusa da Ankara, sai Aggrey ya komo gida ya zama mataimakin shugabanta. Ya bi gari gari yana lallashin iyaye, gama da yawa suna shakkar makarantar gwamnati. Ya nace kuma a karɓi 'yan mata tare da samari, domin uwa ita ce makarantar fari.

Aka buɗe makarantar a watan Janairu na 1927. Cikin Yuli na shekaran nan Aggrey ya rasu a birnin Niyok, bai cika shekara 52 ba. Bai ga amfanin gonarsa ba, amma irin ya tsiro. Kwame Nkrumah, wanda ya kai Gana ga mulkin kai a 1957, yana cikin samarin da suka zauna a gabansa.

To, kai da iyayenka da ekklesiya suka sha wahala domin ka yi karatu, ina ka kai iliminka? Bashi ne a wuyanka. Rijiyar da ba a ɗiban ruwanta, ba ta da amfani ga gari.